Wanda Ya Zauna Bayan Direba

Zuwa ga ƙanena Auta,

Assalamu alaikum. Ina fata takardar nan ta same ku lafiya, kai da Umma. Yaya kafaɗar? Ina fata kana ɗaga hannun nan safe da yamma kamar yadda na nuna maka, ba sai an tsaya a kanka ba. Ni lafiyata ƙalau, sai aiki. Asibitin kamfanin nan gado takwas ne, mu nas biyu ne, masu gina madatsar ruwan kuwa sun haura ɗari huɗu. Kullum sai wani ya shigo da yatsa a naɗe cikin tsumma yana ce mini ba wani abu ba ne.

Kada ka yi mamakin ganin takarda. Wata bakwai ke nan wayarka a kashe, tun ranar hatsarin, ni kuma a nan sai na hau tudun bayan asibiti kafin in sami sabis. Direban motar da ke kawo mana kaya duk sati biyu ta unguwarmu yake bi. Ya yarda zai riƙa kai maka, ya karɓo mini amsa. Ka ga ba ka da wurin gudu.

Shekaranjiya na sami Umma a waya. Ta ce ɗan Kawu ya kawo maka tsohuwar kwamfutarsa, har ta yi murna, a zatonta sana'a za ka koya. Yanzu ta ce daga karin safe har la'asar kana gabanta, ƙofa a rufe, tana jin ka kana magana ƙasa-ƙasa. Ta leƙa ta taga ta ga fuskar wani dattijo a jikin gilashin, kana tambayarsa, "To yanzu me za ka ce masa?" Ta ce mini, "Ƙanenki ya ajiye mana baƙo a ɗaki, ba ya ci, ba ya sha, ko gaishe ni ba ya yi." Da dariya ta faɗa, amma na san dariyar Umma.

Auta, an yi bincike, an ce taya ce ta fashe, ba gudu kake yi ba. Mutum sha huɗu ka ɗauko, sha uku suna gidajensu yau. Ban ce ka manta da na sha huɗun ba. Abu ɗaya nake so ka gaya mini: wane ne dattijon da Umma ta gani?

Yayarka

*

Yaya,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso. Muna lafiya. Kafaɗa da sauƙi, ina iya taɓa saman ƙofa yanzu. Gwiwar Umma ce dai ta tashi, amma ta ce kada in gaya miki, to na gaya miki.

Ba hauka na yi ba. Wasa ne na kwamfuta, irin wanda ake ba ka labari kai ne a ciki. Kafin a fara sai ka ƙera mutumin da za ka zama. Ana nuna maka mutum ba fuska, kamar gunkin shagon tela, kai za ka zaɓar masa hanci da ido, shekaru, murya, da sana'ar da ya tashi a ciki. Sannan a ba ka maki ashirin ka raba tsakanin ƙarfi, wayo, iya magana, haƙuri da sauransu. Ɗan Kawu ya ce in zuba duka a ƙarfi, in yi ƙato mai takobi, in ba haka ba kuraye za su cinye ni tun a ƙofar gari.

Niyyata ke nan. Na fara da gira, na ɗan ja ta ƙasa. Na sa gemu, na ƙara masa furfura a gefen hagu. Na sa tabo a saman ido. Ban ankara ba sai ga shi yana kallona. Mutumin da ya zauna bayana ne ranar nan, Yaya. Awa uku ina ganin fuskarsa a madubi, duk na ɗaga ido yana nan, da buhu a kan gwiwa, ƙarafa suna ƙara a ciki. Shi ne wanda bai tashi ba.

Ban san sunansa ba. Ranar da shugaban tasha ya zo zai gaya mini a asibiti, na ce ya bari. Don haka a wurin suna na rubuta Fasinja. Sana'a na ba shi ƙira, saboda ƙarafan nan. Makin kuwa na ba shi haƙuri tara, iya magana shida, ƙarfi biyu kacal.

Ɗan Kawu ya ce bai taɓa ganin mai wasa irina ba. Ga yadda abin yake: duk inda aka je sai a jero maka amsa uku ko huɗu ka zaɓa. Shi yana zaɓar wadda za ta kawo masa makami ko dukiya. Ni kuwa sai in tsaya in ce, shi wannan mutumin me zai ce? An ba shi doki ya ba wata mata da ke tafiya da ƙafa. An yi masa tayin sarautar wani gari ya ƙi. Ɗan Kawu ya dafe kai ya ce, "Kai wasa kake yi ko neman lada?" Amma ni tun da na fito daga asibiti ban yi abin da ya kama hankalina kamar wannan ba. Ina jin kamar ina mayar masa da kwanakin da bai samu ba.

Yanzu mun iso wani ƙauye a bakin kogi. Akwai mai fito da kwalekwalensa ya kife da mutane, ɗaya ya mutu. 'Yan ƙauyen sun ɗaure shi a gindin bishiya, sun ce baƙo shi zai yanke hukunci. Amsa uku ce: a kore shi, a sake shi ya koma kan ruwa, ko Fasinja ya ce ba ruwansa ya wuce. Yau kwana tara ke nan muna tsaye a wurin. Nakan kunna in zauna, in ɗora yatsa, in kasa dannawa. Abin da Umma ta ji ina tambaya ke nan.

Kin ce taya ce ta fashe. Haka ne, ta fashe. Mu bar shi a haka.

Auta

*

Auta,

Gaisuwa da fatan alheri. Na gode da ka gaya mini batun gwiwar Umma. Na ba direba maganin shafawa, ka tabbatar tana sawa, ba ta ajiye wa baƙi ba. Ni ina nan, mura ce ta ɗan taɓa ni ta sake ni.

Na karanta takardarka sau uku a ɗakin magani, ban ji daɗi ba ko sau ɗaya. Zan yi maka magana ba ɓoye-ɓoye, don ni na goya ka.

Ba ka san mutumin nan ba. Ƙeyarka ya gani, kai ka ga fuskarsa a madubi, iyakar saninku ke nan. Wa ya gaya maka mai haƙuri ne? Wa ya gaya maka zai ba da doki? Kai ka ƙera shi, kai ka raba masa hali kamar mai rabon kaya a buhu, yanzu kuma ka zauna kana jira ya yafe maka. In ka danna a saki mai fito, bakinka ne ya faɗa. In ka danna a kore shi, bakinka ne. Shi ya sa ka kasa, don ka san haka.

Kana tsammanin kai kaɗai ne? Shekarata ta biyu a aiki wani mutum ya cika a hannuna ina neman jijiya. Har yau in na ga irin agogonsa sai in kau da kai. Washegari na sa farin kayana na koma, don akwai mutum ashirin a kan benci suna jira.

Umma ta tsufa, Auta. Ba za ta iya ɗaukar mutum biyu ba, kai da mamacinka. Ita ke zuwa kasuwa da wannan gwiwar, ita ke ajiye maka kwano a bakin ƙofa kamar mai jinyar baƙo. Na aika wa ɗan Kawu saƙo ya zo ya ɗauke kwamfutarsa. Ka ji haushina in ka ga dama.

Yayarka

*

Yaya,

Muna lafiya. Magani ya iso, tana shafawa.

Kin yi gaskiya, duk abin da kika faɗa. Na ga irin nauyin da na zama. Ba sai ɗan Kawu ya wahalar da kansa ba. Ranar Asabar zan kawo ƙarshen abin nan da hannuna, in tafi inda ya kamata a ce na tafi tun ranar da abin ya faru. Ban gaya wa Umma ba, za ta hana ni. Ki yafe mini wahalar da na ba ku.

Auta

*

Auta, ƙanena,

Ban san wa zai buɗe takardar nan ba. In ɗan Kawu ne ko wani maƙwabci, don Allah kada a karanta wa Umma.

Takardarka yau ta zo hannuna, kwana goma sha tara bayan ka rubuta ta. Ruwan da aka yi ya cinye gadar da ke ƙasa da mu, motar kaya ta kasa hayewa, sai yau aka ƙetaro da buhuna a kai, takardarka a ciki ta jiƙe gefe ɗaya. Iskar da ta zo da ruwan ta kayar da ƙarfen sabis. Na hau tudu da takalmin aiki, na ɗaga waya sama kamar mahaukaciya, babu ko layi ɗaya. Asabar ɗin da ka ce ta wuce har biyu.

Me kake nufi da inda ya kamata ka tafi tun ranar? Me za ka kawo ƙarshensa da hannunka? Na ga irin wannan takarda a aljihun mutum, Auta, na san yadda ake rubuta ta.

Na je wurin likita na ce a ba ni hutu. Ya ce, "Sista, ko na ba ki, ta ina za ki bi?" Na ce da ƙafa. Ya ce abokiyar aikina tana kwance da zazzaɓi, in na tafi wa zai riƙe gado takwas. Na cire katin aikina na ajiye masa a tebur. Ya tura mini shi ya ce in zauna in sha ruwa. Na zauna. Bayan minti goma aka shigo da wani da ƙarfe ya faɗa wa a ƙafa, na tashi na ɗinke shi, hannuna bai ko girgiza ba. Na tsani hannun nan yau.

Ban ce kai nauyi ba ne. Na koma na tuna kalmomina ɗaya bayan ɗaya. Mutum biyu na ce, ina nufin ka sauke ɗaya, shi. Ba kai ba. Yaya za a yi in ce kai? Kai ne fa na riƙa kaiwa makaranta a kafaɗa kana cin kunnena. Ina da zafin baki, ka sani tun muna yara, kuma takarda ba ta da fuska da za ka gani ka san kuka nake yi lokacin da nake rubutawa.

Ka riƙe kwamfutar. Ka yi shekara a bakin kogin nan in kana so. Ka ƙera mutum goma. Ni dai ka amsa mini.

An ce ranar Talata za a gama gadar wucin gadi. Mai ɗauke da wannan zai tsaya a ƙofar gida har sai ya gan ka da idonsa.

Yayarki da ba ta iya magana ba

*

Yaya,

Ina raye. Ina lafiya, Umma ma haka. Na sa wannan a farko don kada ki karanta sauran da tsoro. Mutumin da kika aiko ya ƙi karɓar gaisuwar Umma, sai da na fito ya kama hannuna ya juya shi. Da na karanta taki sai na nemi abin da na rubuta a kaina, na ga yadda ya fita. Wallahi ba haka nake nufi ba. Ba zan ce tunanin bai taɓa zo mini ba a watannin farko, amma ba ranar ba. Ki yafe mini. Kuma kin rubuta "yayarki" a ƙasa, ko a ruɗe ban taɓa ganin kin mai da ni mace ba.

Abin da na kawo ƙarshensa wasan ne. Ranar Asabar da safe na kunna, ban zaɓi ko ɗaya cikin ukun ba, na goge Fasinja. Kwamfutar ta tambaye ni sau biyu ko na tabbata. Daga nan na tafi tasha, na ce wa shugaban tasha yanzu ina so in ji. Ya rubuta mini sunan da unguwar a bayan tikiti. Inda ya kamata in je ke nan: gidansa.

Na shiga mota a matsayin fasinja, karo na farko tun ranar. Wurin da ya rage bayan direba ne. Awa huɗu ina riƙe da ƙarfen kujera.

Gidan yana ƙarshen wani lungu, ɗaki biyu da rumfa. A rumfar an jera sikeli sun fi ashirin, manya da ƙanana, duk sun yi ƙura. Ba maƙeri ba ne, gyaran sikeli yake yi, kasuwa-kasuwa. Masu su ba su zo sun karɓa ba, iyalin kuma ba su san na wa da na wa ba ne. Matarsa ta fito, dattijuwa ce 'yar ƙarama, da babbar 'yarsa, malamar makaranta, sa'arki. Na faɗi ko ni wane ne. 'Yar ta ce, "Wata takwas." Uwar ta shimfiɗa mini tabarma.

Yaya, haƙuri tara na ba shi. Matarsa ta ce duk layin nan babu wanda bai yi faɗa da shi ba. Ya taɓa kai maƙwabcinsa ƙara a kan reshen bishiya. Bai taɓa ba da kyautar ko allura ba sai ya yi wa'azi a kai. Amma ta ce sau biyu ana ba shi abin hannu ya karkatar da sikeli, sau biyu yana jefa wa mai shi a ƙirji a tsakiyar kasuwa. Tana faɗa tana murmushi. Na zauna ina jin mutumin da ban taɓa haɗuwa da shi ba, na ji kunyar wancan da na yi wata biyu ina yawo da shi.

Sai ta ce, "Ɗana, kai ne kusa da shi. Me ya faɗa a ƙarshe?"

Na san abin da take so ta ji, ko abin da na zaci tana so. Ya zo mini har bakina, in ce salati ya yi, ko ya ambace ta. Wata biyu ina sa masa kyawawan maganganu, na iya. Ba wanda zai ƙaryata ni.

Na ce, "Baba cewa ya yi, 'Direba, rediyon nan naka kurame kake so ka mai da mu? Rage shi.'"

Ta rufe baki da mayafi, kafaɗunta suna rawa. Na zaci kuka ne, ashe dariya ce, daga baya ta zama kukan. Ta ce, "Shi ne. Wallahi shi ne."

Ban tsaya nan ba, kuma wannan ke ma ban taɓa gaya miki ba. Na ce musu da ya faɗi haka na ji haushi, na saki hannun dama daga sitiyari na miƙa zan rage, ina hararar sa ta madubi. A daidai nan tayar ta fashe. Hannu ɗaya ne a kan sitiyari, idona ba ya kan hanya. Ban sani ba ko da hannu biyu zan iya riƙe ta. Wataƙila ba zan iya ba. Amma masu bincike ba su tambaya ba, ni kuma ban faɗa ba.

'Yar ta ce, "Wato laifinsa ne da ya yi magana?"

Na ce a'a, hannuna ne, ba nasa ba.

Ta daɗe tana kallona. Ta ce, "Ka zo ka sauke kayanka a rumfarmu, kai ka ji sauƙi. Ni yanzu ina zan kai wannan?" Uwar ta kira ta da sunan da take kiran ta, ta ƙi juyowa. 'Yar ta ce, "Mama in ta yafe, nata ne. Ni kada ka tambaye ni." Ban tambaye ta ba. Ita ta raka ni bakin lungu, ba don girmamawa ba, ina jin don ta tabbata na tafi.

Ban ji sauƙin da ta ce ba. Amma ina fita yanzu, ni ke zuwa wa Umma kasuwa. Ranar Litinin ta sama zan je ofishin da suka ɗauki bayanina in ƙara abin da na rage. Shugaban tasha ya ce in na yi haka ƙila in rasa lasisi gaba ɗaya, ƙila ma abin ya wuce nan. Ya ce, "Takarda ta rufu, wa ya aike ka?" Umma ba ta sani ba tukuna. Ban san yadda zan fara mata ba.

Ƙanenki

*

Auta,

Alhamdu lillahi. Na sami sabis jiya, na ji muryar Umma, na ji taka daga nesa kana tambayar ta inda ta ajiye bokiti. Ban ce a ba ka ba, don ba zan iya magana ba.

Ba zan ce maka ka je ba, ba zan ce kada ka je ba. Na yi maka hukunci sau ɗaya daga nan, na ga abin da ya haifar. Tsoro dai ina ji, ba zan ɓoye maka ba.

Abokiyar aikina ta tashi, likita ya sa hannu, ya ba ni hutun kwana goma. Motar kaya za ta sauke ni ranar Laraba da azahar. Ka ɗaga Litinin ɗin nan zuwa Alhamis. Umma ni da kai za mu gaya mata, a zaune, bayan ta ci abinci. Ofishin kuma ba za su bar ni in shiga ba, na sani, amma akwai benci a waje.

Ka zo bakin titi ka tarye ni, jakata tana da nauyi.

Yayarka